Ko ƙaurace wa taron shugabanni na rage wa wanda aka zalunta zafi?

«Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne a Kasala, kuma ina yawan sauraron labarai. Kullum sai in ji an ce shugaba wane ya ƙi halartar taro kaza saboda ƙasar da ta karɓi baƙuncinsa tana take haƙƙin ɗan'adam, ko kuma an hana wani shugaba zuwa. Mu nan Sudan mun ga an yi wa Bashir haka shekara da shekaru, amma bai sauka ba sai da jama'a suka fito titi. Shin wannan ƙauracewar tana da wani amfani ga talakan da ake zalunta, ko kuwa wasan manya ne kawai?»

Alhaji, Allah ya saka da alheri. Idan na fahimce ka da kyau, abu biyu kake tambaya a dunƙule: ko ƙin zama taro da mai mulkin da ake zargi da zalunci yana sa shi ya sauya hali, sannan ko da ya ji zafin abin, shin wannan zafin yana zama sauƙi ga mutanen da ke ƙarƙashinsa. Zan amsa ne daga abin da nake koyarwa a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, da kuma abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin tafinta a tarukan ministoci da jakadu a Hartum.

Kafin komai, ya kamata a rarrabe abubuwan da gidajen rediyo suke haɗawa su kira su da suna ɗaya. Akwai baƙon da ya ƙi zuwa saboda mai masauki, akwai wanda ya ƙi zuwa saboda wani baƙon da aka gayyata, akwai kuma lokacin da ƙungiya da kanta take hana wani mamba kujera ko ta hana shi shugabanci. Ko ƙin zuwan ma hawa-hawa ne. Shugaban da ya zauna a gida ya tura ministan harkokin waje bai yanke hulɗa ba, ya dai rage wa taron daraja. Wanda ya tura ƙaramin jami'i daga ofishin jakadanci ya fi shi nuna fushi. Wanda ya bar kujera babu kowa shi ne ya kai ƙarshe. Jami'an tsare-tsare suna karanta waɗannan matakai kamar yadda kai kake karanta farashi, domin a zauren taro sarakuna da shugabannin ƙasa ne ke fara magana, sai firaministoci, sai ministoci, kuma kafin a zo kan ƙaramin wakili yawancin manya sun fita ganawa a gefe, 'yan jarida sun naɗe kayansu.

Abin da mai masauki yake nema

Yawancin abin da ke cikin sanarwar bayan taro an riga an gama shi kafin jirgin shugaba na farko ya sauka. Ƙananan jami'ai ne ke yin watanni suna ja-in-ja a kan kowace jimla, ministoci su warware abin da ya rage, shugabanni kuma su zo su amince. Saboda haka babban abin da mai masauki yake samu a ranar taro shi ne hoto: a gan shi a tsakiya, manyan duniya na dama da hagu, a nuna wa mutanen ƙasarsa a talabijin cewa duniya ta yarda da shi. Wannan hoton ne masu ƙauracewa suke son hana shi, kuma daga nan za ka gane iyakar makamin. Abin ya yi kama da ƙin zuwa ɗaurin aure: idan waliyyi ne ya ƙi zuwa, sha'ani ya tsaya, amma idan wani maƙwabci na nesa ne, za a ɗaura, a ci abinci, a watse, wataƙila ma ba a lura da rashinsa ba.

Afirka ta daɗe da sanin wannan. A watan Yulin 1975 aka yi taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, kuma bisa al'adar lokacin mai masauki ne ke zama shugaban ƙungiya na shekara guda, wato Idi Amin. Tanzaniya ta Julius Nyerere ta ƙi zuwa, Zambiya da Botswana ma haka, saboda kashe-kashen da ake yi a Yuganda. Aka yi taron, Amin ya hau kujerar, ya kuma ci gaba da mulki har 1979, lokacin da sojojin Tanzaniya suka kore shi. A wannan taron ne ma labari ya iske Janar Yakubu Gowon cewa an kifar da gwamnatinsa a Legas. Ƙauracewar Nyerere ba ta ceci ran kowa ba a wannan shekara, sai dai ta karya al'adar nan ta cewa ba a tsoma baki a harkar cikin gidan wata ƙasa, kuma sa'ad da aka kafa Tarayyar Afirka a farkon shekarun 2000 an rubuta a dokar kafa ta cewa tana da ikon shiga tsakani idan ana laifukan yaƙi ko kisan ƙare dangi.

Darasin Bashir

Misalin da ka kawo ya fi kowanne cancantar a tsaya a kansa, domin an gwada kusan kowane salo a kan mutum ɗaya. A Janairun 2006 Hartum ta karɓi taron Tarayyar Afirka, kuma Umar al-Bashir yana sa ran karɓar shugabanci daga hannun Olusegun Obasanjo. Saboda abin da ke faruwa a Darfur, inda sojojin ita kanta Tarayyar suke aikin sa ido, takwarorinsa suka ƙi, suka ba Denis Sassou-Nguesso na Kongo, aka lallashi Sudan da cewa ta jira baɗi. Baɗin ta zo, a Adis Ababa, Chadi ta yi barazanar ficewa idan aka ba shi, sai aka miƙa wa John Kufuor na Gana. Yawancin shugabannin ba su ƙi zuwa Hartum ba; sun zo, sun ci abincinsa, sun hana shi abin da yake so a cikin gidansa. A ganina wannan ya fi masa ciwo fiye da duk wata sanarwa daga Turai, domin ba zai iya cewa makircin 'yan mulkin mallaka ne ba. A tsakiyar 2007 gwamnatinsa ta amince da rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka a Darfur bayan ta daɗe tana ƙi. Ba zan ce hana shi kujerar ne kaɗai ya jawo haka ba, tun da a daidai lokacin Sin, wadda ke sayen man Sudan kuma take shirin wasannin Olamfik na 2008, ita ma tana matsa masa.

Sai kuma sammacin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wanda ya fito a kan Bashir ranar 4 ga Maris 2009. Daga nan kowane taro ya zama gwaji. A ƙarshen watan nan ya je Doha taron ƙasashen Larabawa, aka tarbe shi da girma. A 2012 Shugaba Joyce Banda ta ce Malawi ba za ta karɓe shi ba, ba ta kuma ɓoye cewa tana tsoron fushin ƙasashe masu ba da agaji ba, sai Tarayyar Afirka ta ɗauke taron gaba ɗaya daga Lilongwe ta mayar Adis Ababa. A Yulin 2013 ya je Abuja ya bar garin tun taro bai ƙare ba. A Yunin 2015 wata kotun Afirka ta Kudu ta ba da umarnin kada a bar shi ya fita daga ƙasar, amma jirginsa ya tashi daga filin sojoji. A Mayun 2017, da aka yi babban taron Riyad tsakanin Donald Trump da shugabannin ƙasashen Musulmi, ya aika wa Sarki Salman uzuri, kuma kowa ya san Amurka ba ta son ganinsa a wurin, shi kuwa yana neman ta ɗage takunkumin da ta sa tun 1997, wanda ta ɗage a Oktoban 2017.

Me wannan duka ya haifar? Ya ƙuntata masa tafiya, ya sa kowace ƙasa ta yi lissafi kafin ta gayyace shi. Amma a cikin gida ya mayar da abin jari, yana rawa da sandarsa a gaban taron jama'a yana cewa ana yaƙar Sudan ne. Abin da ya fi muni shi ne, da sammacin ya fito, nan take gwamnati ta kori ƙungiyoyin agaji na waje 13, waɗanda suke ɗauke da babban kaso na abinci da ruwa da magani a sansanonin Darfur. Wato zafin farko na matakin da aka ɗauka domin waɗanda aka zalunta, a kansu ya fara sauka. Kuma kamar yadda ka faɗa, abin da ya kawo ƙarshen mulkinsa ranar 11 ga Afrilun 2019 zanga-zanga ce da ta samo asali daga tsadar burodi a Disamban 2018, ta ƙare da zaman dirshan a gaban hedikwatar soja.

Duk da haka kada mu yi saurin yanke hukunci, domin makonni kaɗan bayan faɗuwarsa mun ga ɗaya fuskar. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan ranar 3 ga Yunin 2019, Tarayyar Afirka ta dakatar da Sudan cikin kwana uku, ta kuma faɗi sharaɗi ƙarara: sai an kafa gwamnatin riƙon ƙwarya da farar hula ke jagoranta. Ta haɗa da shiga tsakani tare da Habasha, jama'a kuma suka sake cika tituna ranar 30 ga Yuni. A watan Agusta aka sa hannu kan yarjejeniyar raba mulki, a Satumba aka ɗage dakatarwar. An sake dakatar da ƙasar bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, amma wannan karon aka yi shekaru abin bai motsa sojoji ba, domin suna da maƙwabta da abokai masu kuɗi da ba su daina karɓarsu ba. Mataki ɗaya ne, ƙungiya ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, sakamakon ya bambanta saboda abin da ke kewaye da matakin ya bambanta.

Zuwa a faɗa, ko zama a gida

Muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin jami'an diflomasiyya ita ce wanne ya fi: ka ƙi zuwa, ko ka je ka faɗi abin da ke ranka. A taron Turai da Afirka na Lisbon a Disamban 2007, Gordon Brown na Birtaniya ya ƙi zuwa saboda an gayyaci Robert Mugabe, ita kuwa Angela Merkel ta Jamus ta je ta soki halin da Zimbabuwe ke ciki a gabansa. A taron Kwamanwel (ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila) na Kolombo a Nuwamban 2013, Stephen Harper na Kanada da firaministan Murishus sun ƙaurace saboda zargin kisan fararen hula a ƙarshen yaƙin Siri Lanka, Manmohan Singh na Indiya ma bai je ba. David Cameron ya je, ya bar zaure ya tafi Jafna, yankin Tamil, da 'yan jarida a bayansa. Bayan wata huɗu Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da a gudanar da bincike. Ra'ayina shi ne kowane ɓangare ya amfana da ɗayan: da babu waɗanda suka ƙi zuwa, da ba a matsa wa waɗanda suka je su yi magana ba, da kuma babu wanda ya je, da maganar ta tsaya a takardar sanarwa. Amma na ga inda ake fakewa da hujjar «gara a je a faɗa», a je, a sa hannu a kwangila, a dawo a ce an yi maganar haƙƙin ɗan'adam a asirce. Idan ka ji an ce a asirce aka yi, kuma ba a ambaci sunan fursuna ko ɗaya ba, to ka rage tsammani.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Jidda da Makka da Madina sun ga nasu misalin. Bayan kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoban 2018, manyan shugabannin bankuna da kamfanoni, da sakataren baitulmalin Amurka, da shugabar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, sun janye daga taron zuba jari na Riyad. Shekara ta zagayo, da yawansu suka koma. A 2020 Saudiyya ce ke shugabancin G20 (ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki), wanda ake yi bisa karɓa-karɓa ba don yabon halin kowa ba. Wasu manyan ƙungiyoyin farar hula, ciki har da Amnesty, sun ƙi shiga ɓangaren da aka ware musu, magadan garin Landan da Faris da New York da Los Angeles sun ƙi halartar taron birane, Majalisar Turai ta nemi a rage matsayin wakilci. Babu shugaban ƙasar da ya ƙaurace, kuma annobar korona ta sa taron na 21 da 22 ga Nuwamba ya gudana ta intanet. An saki 'yar fafutuka Lujain al-Hathlul a Fabrairun 2021, makonni kaɗan bayan sauyin gwamnati a Amurka, kuma shi kansa Joe Biden ya sauka Jidda a Yulin 2022 lokacin da farashin mai ya yi sama. Ƙasar da duniya ke buƙatar manta da kuɗinta ba a iya mayar da ita saniyar ware na dogon lokaci, kuma masu ƙauracewar sun san da haka tun kafin su fara.

Akwai kuma matsalar son kai, wadda ita ce ta fi zubar wa wannan makami da mutunci a idon mutanenmu. Idan ƙasa ta ƙaurace wa abokin gabarta saboda haƙƙin ɗan'adam, ta kuma rungumi ƙawarta da ke aikata irin wannan laifi, to kalmar ta zama riga da ake sawa a tuɓe. A Nuwamban 2025 Amurka ta ƙi halartar taron G20 na Johannesbag bisa zargin ana cin zarafin fararen fata a Afirka ta Kudu, zargin da gwamnatin ƙasar ta musanta. Yawancin sauran mambobi suka zauna suka amince da sanarwarsu ba tare da ita ba. Wannan ya nuna wani abu da na sha gani a ƙananan taruka: a inda ake yanke shawara da amincewar kowa, wanda yake zaune zai iya tsayar da jimla guda na tsawon dare, wanda ba ya nan kuwa sai dai ya karanta abin da aka rubuta.

Inda ƙauracewa take cin nasara

Idan aka tara misalan, za a ga ƙauracewa tana tasiri ne idan na kusa suka shiga, idan akwai takamaiman abin da ake nema wanda mai mulki zai iya bayarwa ba tare da ya ga ƙarshensa ya zo ba, idan kuma akwai wata asara ta kuɗi ko makamai ko kasuwa a bayanta. Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata ita ce babban misali, amma a duba tsawon lokacin: ta fita daga Kwamanwel a 1961, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana wakilanta zama a 1974, aka sa mata takunkumin makamai na dole a 1977, ƙasashe fiye da 30 suka ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na 1986, bankuna suka daina sabunta mata bashi, a cikin gida kuma yajin aiki da bore ba su tsaya ba. Sai a 1990 aka saki Nelson Mandela. Nijeriya kuwa an dakatar da ita daga Kwamanwel a Nuwamban 1995, bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ana tsakiyar taron ƙungiyar, amma man fetur ɗinta bai daina tafiya kasuwa ba, Janar Sani Abacha ya ci gaba da mulki har rasuwarsa a 1998, ƙasar ta koma kujerarta a Mayun 1999. Siriya ma an dakatar da ita daga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a 2011, sai ga Bashar al-Assad a taron Jidda na Mayun 2023, babu wani sharaɗi na farko da ya cika.

Ya kamata in faɗi iyakar wannan hukunci nawa. Mai fassara yana jin abin da aka faɗa a babban zaure, amma ciniki na gaske yakan faru ne a ɗakin da shugabanni biyu suka shiga da mataimaki ɗaya ɗaya. Haka nan babu gwamnatin da ke fitowa ta ce ta saki fursuna saboda an ƙi zuwa taronta, kuma hukuncin kisan da aka fasa zartarwa don gudun kunya ba ya shiga labarai. Saboda haka mai yiwuwa amfanin ƙauracewa ya ɗan fi abin da ake iya nunawa da yatsa, ko da yake ban ga dalilin da zai sa in ce ya fi shi da nisa ba.

Game da halin da muke ciki tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, ina ba ka shawarar ka rage damuwa da wanda aka gayyata da wanda aka bari, ka riƙa sauraron abin da ya biyo bayan taro. A Jidda, ranar 11 ga Mayun 2023, ɓangarorin biyu, wato sojojin Sudan da dakarun RSF da ke yaƙi da su, sun zauna sun sa hannu kan alƙawarin kare fararen hula, ba a kuma cika shi ba. A Faris a 2024 da Landan a 2025 an yi taro kan Sudan ba tare da gayyatar masu yaƙin ba. Na Faris ya tara alƙawuran agaji na fiye da yuro biliyan 2, na Landan kuwa ya watse babu sanarwar da kowa ya amince da ita, saboda saɓani tsakanin ƙasashen Larabawan da ke wurin. A tattaunawar Suwizalan ta Agustan 2024 sojoji ne suka ƙi zuwa, amma masu shiga tsakani suka ci gaba da tuntuɓarsu ta waya a kan buƙata guda mai iyaka, kuma a cikin wannan watan aka buɗe mashigar Adre da ke kan iyakar Chadi, motocin abinci suka fara shiga Darfur.